Keken Zuhura

Malam Riskuwa ba ya wuce keke a jingine bai danna tayarsa da babban yatsa ba. Ko a ƙofar masallaci ne, ko a gidan gaisuwa, sai ya ɗan sunkuya ya danna. In ya ji iska ta yi ƙasa, zai nemi mai keken ya ce masa, "Ka biyo ta rumfa." In ta yi daidai, ya wuce abinsa. Yatsan nan ya yi faɗi kamar bakin cokali, farcensa kuma ya tsage tun yana saurayi bai sake haɗewa ba.

Rumfarsa tana gefen hanyar da ta fita daga cikin Birnin Kebbi zuwa Gwadangaji, ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro. Da na bar koyarwa a firamare, bencin rumfar nan ya zama wurin zamana daga hantsi zuwa la'asar. Na fi shekara goma sha biyar a kansa. Riskuwa ba mai yawan magana ba ne, ni ma haka, shi ya sa zaman ya yi mana daɗi.

Mutumin Zauro ne. Ya taso cikin masu noman shinkafa, amma fadama ba ta karɓe shi ba, sai ya shigo gari ya koyi gyaran keke. Abin da ya fitar da shi daga cikin sauran masu gyara kuwa daga fadamar ya zo. Mutanen Zauro kan ɗora wa keke buhu biyu na shanshara, wato shinkafar da ba a cashe ba, su turo shi gari. Siririyar tayar keke ta nutse a yashi, ta nutse a laka, ƙafar baya ta lanƙwashe. Kowace kaka sai an kawo masa irin wannan gyara, ya miƙe ƙafar, bayan mako biyu ta dawo. Wata rana ya ɗauki tsohuwar tayar babur da aka yar a bayan rumfar mai faci, ya yi ta juya ta a hannu har azahar.

Tayar babur ba ta hawa rim ɗin keke, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai. Rim ɗin keke ya fi bakinta girma, kuma siriri ne. Sai Riskuwa ya ƙera nasa. Yakan auna bakin tayar ta ciki da zare, ya samo tsofaffin rim guda biyu na kekunan da, masu ƙarfe mai kauri, ya yanke su daidai da zaren, ya lanƙwasa kowanne a jikin kututture har bakunansa su haɗu. Daga nan ya jera su gefe da gefe, ya sa wani siririn ƙarfe a tsakani wanda ya ɗan nutse ƙasa kamar kwari. Sai walda, sai huda ramukan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, sai rage tsawon wayoyin. Ƙafa ɗaya kan ci masa kwana tara ko goma.

Waldar ba shi ke yi ba. Tamba ne, mai walda a tsallaken titi, mutum mai ƙaton wuya da dariya. Duk lokacin da ya hango Riskuwa tafe da zobba biyu a kafaɗa sai ya ce, "Ga mai ɗaurin aure nan. Yau kuma wa da wa za a haɗa?"

"Kai dai riƙe wutarka daidai," in ji Riskuwa. "Wancan karon ka ƙona min gefe."

"Ƙarhenka na ya tsuhwa, kamar mai shi."

Shekaru kusan goma mutanen Zauro da na ƙauyukan gefen Rima suna kawo masa kekuna ana sa musu ƙafar baya mai tayar babur. Daga baya babura suka yi yawa, kowane matashi ya zama ɗan kabu-kabu, manomi ya gwammace ya ɗora buhunsa a mashin. Aikin ya ja baya. Riskuwa ya koma faci da gyaran birki na kekunan 'yan makaranta, bai yi ƙorafi ba.

Yana da ɗiya, Zuhura, ita ce ta fari, kuma ita kaɗai ta rayu. Tana shekara uku shan inna ya kama ta, ƙafafu biyun suka tafi. Ba a daɗe ba uwarta ta rasu, yayarsa da kowa ke kira Goggo ta ɗauke ta ta raine ta. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi a yi hira, ba ya nuna a gaban mutane cewa abin ɗan ya dame shi. Yanzu matasa sun fara sakin wannan, amma Riskuwa ya riƙe shi da ƙarfi fiye da kowa da na sani. A shekara goma sha biyar ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. "Yarinyar wajen Goggo," haka yake cewa. Da ta yi aure ta zama "ta Gulma."

Amma shi ya ƙera mata keken guragu na farko, mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu. Bai kai mata da kansa ba. Ya ajiye a zauren Goggo ya tafi. Da keken nan ta yi firamare, ta yi Islamiyya, ta sauke Alƙur'ani, ta yi littattafai a wajen malaman cikin gari har ta fara karantar da mata. Titunan Birnin Kebbi sun san ta. Takan wuce ta gaban rumfa da littattafai a kwando, ta rage gudu ta ce, "Ina kwana Baba, ina kwana Malam." Ni in amsa da ƙarfi, shi ya amsa wa tayar da ke hannunsa. Bayan ta wuce sai ya ɗaga kai ya bi ƙafafun keken da kallo har ta sha kwana.

Tana da shekara ashirin da takwas Sunusi ya nemi aurenta. Manomin shinkafa ne daga Gulma, can wajen Argungu, wanda ke sauka gidan maƙwabtan Goggo in ya kawo kaya. Ita ta ce tana so, aka ɗaura. Mutumin kirki ne, har yau ban ji wanda ya ce akasin haka ba.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne ƙasar unguwar da aka kai ta. Daga ƙofar gidan Sunusi zuwa hanya yashi ne mai zurfi. Ranar da ta fara fita da kekenta, ƙafafun suka nutse kafin ta kai gida na uku, sai da mata suka fito suka tura ta ta koma. Ta sake gwadawa sau biyu ta bari. Macen da ta saba zaga gari ita kaɗai ta zauna a tsakar gida shekara guda.

Sai wata makarantar matan aure da ke ɗaya gefen garin ta ji labarinta. Suka aiko cewa suna da aji babu malama, in za ta iya zuwa kwana huɗu a mako, nata ne, za su jira ta har bayan girbin rani. Sunusi yana fita fadama tun asuba, ba ya dawowa sai yamma. 'Yan kabu-kabu kuwa sai sun ɗaga ta sun ɗora, sun kuma sauke, ta ce ba namijin da zai riƙa ɗaukarta kamar buhu a bainar jama'a. Ko ta tuƙa kanta da hannunta, ko ajin ya tafi.

Goggo ce ta kawo saƙon rumfa. Ta tsaya a rana da sandarta, ta ƙi zama.

"Riskuwa, kekunan mutanen Zauro nawa ka sa ma ƙahwar babur?"

"Ban ƙidaya ba, Yaya."

"Buhun shinkafa ka hidda daga yashi shekara goma. Ɗiyarka na can yashi ya riƙe ta. Ko sai ta zama buhu kaka ganinta?"

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "An ji."

"An ji. Kullum an ji. Malam, kai shaida na, na hwaɗa mai."

Na ce na shaida.

Washegari ya rufe karɓar gyara. Ƙafa uku ake bukata, ba ɗaya ba, kuma hannun mace ne zai tuƙa su, don haka nauyi ya zama abin dubawa. Ya zaga wajen masu faci ya zaɓo tayoyin ƙaramin babur guda uku da suka ci rabi, don sun fi sauƙi. Ya tono rim shida da ya ɓoye a ɗakinsa tun lokacin da aiki ke tafiya, na ƙarshen irinsu. Ya canza haƙoran sarƙa yadda hannu ba zai sha wuya ba. Wurin zama ya yi shi da katako mai laushi, ya auna faɗinsa ba tare da ya tambayi kowa ba. Tamba ya yi walda bai yi tsokana da yawa ba, sai dai ya ce, "Wagga amarya ta hi sauran kyau."

Kwana arba'in da 'yan kai aka yi. Ranar da aka gama, Riskuwa ya sa aka zuba yashin gini a gefen rumfa, ya hau da kansa, ya naɗe ƙafafunsa a kan katako, ya tuƙa da hannu ɗaya. Keken ya bi ta kan yashin ya fita. Ya juyo ya sake bi. Ya shafa masa koren fenti, ya jingine shi a inuwa ya bushe. Abin da ya rage shi ne motar da za ta kai shi Gulma. Goggo ta riga ta aika cewa an gama, Zuhura kuma ta aika wa makaranta cewa ranar Asabar ta sama za ta fara.

Ana cikin haka, ranar Talata da hantsi, wata farar mota ta tsaya a gaban rumfa. Mai ita Alhaji Mujtaba ne, ɗan kwangila, wanda ke da wata gidauniya ta taimakon nakasassu da sunansa a jiki. A makon ake bikin kamun kifi na Argungu, yana da rumfa a wajen baje kolin, yana neman abin da zai nuna. Wani ya ba shi labarin keken.

Ya zaga shi sau biyu, ya danna tayoyin, ya sa direbansa ya hau ya bi ta kan yashin. Ya ce, "Malam, wannan ai abin a nuna wa duniya ne. A garin nan aka yi shi?"

"Nan anka yi shi."

"Na waye?"

Akwai mutane a wurin. Direba, da masu jiran faci biyu, da Tamba da ya tsallako, da ni. Riskuwa ya dubi ƙasa ya ce, "Ba na kowa ba na, Alhaji. Gwaji na."

Tamba ya dube ni, na dubi Tamba. Kowannenmu ya san abin da ya hana shi faɗa, kuma kowannenmu ya ga kamar ba wurinsa ba ne ya buɗe abin da mai shi ya rufe. Na sha komawa kan wannan hantsin.

Alhaji ya ce a ba shi aro kwana uku, a nuna a Argungu, a ambaci sunan wanda ya ƙera. Riskuwa ya ce, in an gama, a bar masa shi can Argungu, zai zo ya karɓa, akwai inda zai wuce da shi. A ransa ya samu motar da yake nema, don daga Argungu zuwa Gulma ba nisa. Alhaji ya ce, "Ba komai, ba komai," yana amsa waya. Aka ɗora keken a bayan mota.

Ranar Juma'a muka tafi tare, ni da shi, a motar haya. Ya sa farar rigarsa ta Idi. A aljihu yana da ƙaramin sifana, don ya ce hanya za ta iya sassauta wani abu. Sunusi ya same mu a tasha da babur ɗinsa da igiya, ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya ce ya yi magana da mai a-kori-kura da zai ɗauka bayan la'asar.

Wajen baje kolin cike yake. Rumfar Alhaji tana da kujeru da lasifika. Keken yana gaba a kan darduma, an ɗaura masa kyalle, an rubuta sunan gidauniyar da farin fenti a bayan wurin zama. Muka tsaya a baya, cikin rana. Aka yi jawabai. An ambaci Riskuwa sau ɗaya, aka ce "wani haziƙin makaniki daga Birnin Kebbi." Sai mai lasifika ya ce yanzu Alhaji zai miƙa wannan keke kyauta ga wani bawan Allah.

Na ji Sunusi ya ce, "Baba, mi yac ce?"

Aka kira wani Faruk, mai gyaran takalma a bakin kasuwar Argungu. Ya fito daga cikin mutane da hannuwansa, da silifa a tafukansa, yana jan jiki. Mutum ne da ya kai shekara hamsin. Aka ɗaga shi aka ɗora. Ya kama matuƙin ya juya, keken ya sauka daga darduma ya shiga yashin filin, ya tafi sumul. Ya yi zagaye ɗaya, ya tsaya, ya rufe fuskarsa da hularsa. Kafaɗunsa suna rawa. Mutane suka yi ta tafi.

Sunusi ya yunƙura zai shiga, Riskuwa ya riƙe masa hannu. Ban taɓa ganin ya taɓa surukinsa ba sai ranar.

Bayan an watse muka samu Alhaji wajen motarsa. Riskuwa ya ce, a hankali, "Alhaji, aro munka ce."

"Haba Malam. Kai ka ce ba na kowa ba ne. To ga shi ya zama na wani, ladan kuma da kai za a raba. Ko in sa a sauke shi?" Ya nuna can inda Faruk yake, mutanen unguwarsu sun kewaye shi suna shafa tayoyin. "In kana so, je ka gaya masa da kanka."

Riskuwa ya dubi wajen na ɗan lokaci. Ya ce, "A bar shi."

"Yauwa. Ai kai ne injin, ka ƙera wani. Za ka ji daga gare ni."

An ji daga gare shi. Bayan mako biyu direba ya kawo shadda yadi goma a leda. Riskuwa ya ce a ajiye a kan benci. Da yamma ya ba wani mai tura ruwa ita.

A tasha Sunusi ya tsaya da igiyarsa a hannu. Ya ce, "Baba, mi zan ce mata? Ta wanke littattahanta da tsumma tun jiya, ta jera cikin kwando."

"Ka ce ana yin wani."

Goggo ba ta zo rumfa ba a wannan karon. Ta aiko a ce masa ta gode, ta ga irin kunyar da ke ciyar da baƙo ta bar na gida. Wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Makarantar ta ƙara wa Zuhura lokaci zuwa bayan babbar Sallah. Riskuwa ya shiga neman ƙarfe. Irin rim ɗin da yake so ya ƙare a gari, na yanzu kuwa sirara ne, wuta na taɓa su su huje. Ya bi 'yan gwangwan, ya je Jega, ya je Kalgo, ya koma Zauro yana tambayar tsofaffin abokan cinikinsa ko akwai mataccen keke a bayan rumbu. A wata uku ya haɗa huɗu. Ƙafa biyu ke nan.

Da ƙaramar Sallah Sunusi ya kawo ta gari a babur. Ta sa aka fito mata da tsohon kekenta da aka dawo da shi gidan Goggo, ta tuƙo shi zuwa rumfa. Wannan karon ba ta wuce ba, ta tsaya. Na tashi zan ba su wuri, ta ce, "Zauna Malam, ai kana nan aka yi."

Ta gaida shi, ya amsa yana goge wani ƙarfe. Ta dubi zobban da ke rataye.

"Baba, an ce an tambaye ka mai shi."

Ya ci gaba da gogar ƙarfen.

"Ni ban ce ka kira sunana ba. Ban taɓa cewa ba. Da ka ce na wata gurguwa ta a Gulma, ai ba suna ka hwaɗa ba."

Tsumman da ke hannunsa ya tsaya. Ya ce wa ƙarfen, "Ana yin wani."

"Na ji. Allah shi ba da iko." Ta juya matuƙin. "Malam, a gaida gida."

Ta hau titi. Na lura ba ta da saurin da, hannun ya kwana biyu bai yi aiki ba.

Cikin damina ya samu sauran rim biyun. Cikin daminar kuma, wata safiya, kofin shayi ya faɗi daga hannunsa na dama. A asibiti suka ce hawan jini ne, ya taɓa ɓarin jiki kaɗan. Ya tashi, yana tafiya, yana magana, amma hannun ba ya damƙa. Babbar Sallah ta zo ta wuce. Makarantar ta ɗauki wata malama daga Argungu, ba wanda zai ga laifinsu, sun jira fiye da yadda suka ce. Sunusi ne ya faɗa masa. Riskuwa ya ce, "To." Washegari ya fito rumfa ya ci gaba. Na ce masa ajin ai ya tafi. Ya ce, "Yashin ƙohwar gida bai tahi ba."

Huda da ɗaurin wayoyi ya yi su da hagu, a hankali, a wata biyu. Sa tayar ne ya gagara. Bakin tayar babur yana da waya mai tauri a ciki, an yi ta ne don rim mai ƙarfi, wanda za a iya danna wa ƙarfe yadda aka ga dama. Rim ɗin Riskuwa ba ya ɗaukar wannan. Yadda yake yi, yakan shanya tayar a kan kwanon rumfa tun safe har ta yi laushi da zafin rana. Ya naɗe kawunan wayoyi da tsohuwar roba, ya shafa ruwan sabulu a bakin tayar, ya shigar da gefe ɗaya, ya cusa tif da 'yar iska kaɗan. Sannan gefe na biyu: ya danna bakin tayar cikin kwarin nan na tsakiya da gwiwa, ya riƙe shi a can, hannu ɗaya yana riƙe da liba, ƙarfen banƙarar taya, da aka naɗe wa fata, ɗayan yana tafiya da wata libar kaɗan kaɗan, yatsa biyu biyu. In an zo taki ɗaya na ƙarshe, tayar kan yi tauri kamar ƙarfe. A nan sai hannu biyu sun san abin da suke ji, wanda ke riƙe da wanda ke ja.

Ta farko ya sa ta cikin kwana uku, ni ina riƙe masa liba ɗaya yana ce min "sassauta" da "tsaya." Ta biyu Tamba ya ce a bar masa, ai ƙarfi ne ba ya da shi. Kafin Riskuwa ya ce tsaya, Tamba ya danna, tayar ta shiga, gefen rim ɗin ya lotsa. Tamba ya tsaya da liba a hannu, dariyarsa ta ɗauke. Mako uku Riskuwa ya yi yana kwance wayoyi yana miƙe wurin da guduma ta katako. Bai yi masa faɗa ba, amma daga ranar bai sake barin kowa ya taɓa ba, har ni.

Ta ukun ita ce ƙafar gaba, wadda sarƙa ke ja. Ya fara ta ranar Lahadi. Kullum ya shanya, ya shafa sabulu, ya kai taki na ƙarshe, hannun dama ya saki, tayar ta koma. Ya zauna ya huta, rana ta yi sanyi, tayar ta yi tauri, sai gobe. Ranar Laraba na ce masa ko a kai wa masu facin babur, suna da abin da suke sawa da shi. Ya ce za su karya, kuma ba sauran ƙarfe. Ranar Alhamis ya ɗaure liba ɗaya da igiya a jikin wayoyi don ta riƙe masa a madadin hannun. Dabarar ta yi, ya wuce inda yake tsayawa, saura kamar yatsa huɗu. Aka kira azahar. Ya ce bari ya yi salla ya dawo tun tayar da zafinta.

A sahu ya zame. Aka kai shi asibiti, ya kwana biyu bai yi magana ba, ranar Asabar da safe ya cika.

Zuhura ta zo zaman makoki, ta yi kwana bakwai a ɗakin Goggo. Ba ta tambayi keken ba, ba wanda ya tayar mata da zancen. Sunusi ya mayar da ita Gulma a babur. Na ji mata uku ko huɗu na maƙwabta suna zuwa ɗaukar karatu a tsakar gidanta.

Da za a mayar wa mai fili rumfarsa, ni da Tamba muka kwashe kayan zuwa shagonsa. Gangar keken da ƙafa biyu suna jingine a bango, ba fenti. Ta ukun Tamba ya ɗauke ta da hannu biyu kamar mai ɗaukar ƙwarya cike, ya rataye ta yadda take, da libar a ɗaure, sabulun ya bushe ya yi fari a bakin tayar. Sunusi ya zo sau ɗaya ya tambaya ko za a iya ƙarasawa. Tamba ya ce shi ya lotsa ɗaya, ba zai lotsa ta biyu ba, a nemo wanda ya iya. An tambaya a Birnin Kebbi, an tambaya a Argungu. Har yanzu ana tambaya.